Ba gwamnatin Amurka ce ta ƙirƙiri Captain America ba

Mutane da yawa sun ɗauka cewa bayan Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu ne gwamnati ta sa aka zana Captain America, jarumin wata mujallar labaran zane, don farfaganda. Kwanan watan bai yarda da hakan ba. Fitowar farko ta mujallar ta shiga kasuwa a Disambar 1940, ko da yake an buga Maris 1941 a bangonta. Japan kuwa ba ta kai hari sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor ba, harin da ya sa Amurka ta shiga yaƙin, sai 7 ga Disambar 1941, kusan shekara guda bayan haka.

Matasa biyu ne suka ƙago shi, Joe Simon da Jack Kirby, dukansu 'ya'yan Yahudawa 'yan ci-rani, suna aiki a kamfanin buga mujallu na Timely, wanda ya koma Marvel daga baya. Labarin abin da ake yi wa Yahudawa a Turai yana ci musu rai, shi ya sa suka zana jarumin yana naushin Hitler a bangon farko. A lokacin Amurkawa da dama ba sa son shiga yaƙin, magoya bayan Nazi kuma suka riƙa aika musu barazana har sai da 'yan sanda suka ba ofishin kariya. Wannan ƙarfin hali ne, ba aikin gwamnati ba.

Wani kuskuren: ba Stan Lee, shahararren marubucin Marvel, ne ya ƙirƙiro Captain America ba. Shi sai a fitowa ta uku ya fara rubutu a ciki, lokacin yana ɗan aike a ofishin.