Ƙwayar shinkafa ɗaya a gida 64

Jiya da la'asar ina zaune a rumfar kawuna a kasuwar Argungu, sai ga ƙanina da waya a hannu, sai zumuɗi yake. Wai an buɗe wani dandali a intanet, ka zuba dubu goma, bayan mako guda ta koma ashirin. "Yaya, kowane mako ninki ne, wallahi mutane na ta cira." Ban yi masa gardama ba. Na ɗebi shinkafa daga tiya, na jawo faifai, na ce ya zauna.

Labarin tsoho ne, malamin tarihi Ibn Khallikan ya rubuta shi tun 1256, sai dai da alkama ya ba da shi. Wanda ya ƙirƙiro wasan shaɗranji, darar nan mai gida 64, ya roƙi sarki ladansa: ƙwaya ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ninkawa har gidan ƙarshe. Sarki ya raina buƙatar.

Muka fara jerawa. A gida na takwas ƙwaya 128 ce, ko tafin hannu ba ta cika ba, ƙanina har yana dariya. Daga nan muka koma biro da bayan kwali. Idan ƙwaya 40 ce giram ɗaya, gida na 22 shi kaɗai buhu ne mai kilo 50. Gida na 32 ya kusa tirela biyu, kuma a nan muka kai rabin allo kacal. Jimillar duka gidajen ita ce 18,446,744,073,709,551,615. Wato buhu sama da tiriliyan 9, abin da duniya gaba ɗaya za ta shafe kusan shekara 900 tana nomawa a yadda ake noma yau. Fadamun Kebbi, daga Argungu har Suru da Yauri, ba su ma shiga lissafi ba.

Abin da ya fi burge ni a lambar nan ba girmanta ba ne. Kowane gida ya fi jimillar duk gidajen da ke bayansa da ƙwaya ɗaya tak. Gwada da kanka: 1 da 2 da 4 bakwai ne, gida na gaba takwas. Shi ya sa jimillar ta zama 2 an ninka ta da kanta sau 64, a cire ɗaya. Idan kuma ka fasa ta, lambobi bakwai ne kawai a cikinta waɗanda ba sa rabuwa: 3, 5, 17, 257, 641, 65,537 da 6,700,417. Ninka 641 da 6,700,417, za ka sami 4,294,967,297, lambar da masanin lissafi Fermat na Faransa ya zaci ba ta rabuwa, har wani masanin, Euler, ya zo a 1732 ya nuna 641 na raba ta. Manyan ma suna tuntuɓe. Kuma lambar shinkafar nan ita ce mafi girma da gurbi 64 na kwamfuta (64-bit, kowane gurbi 0 ne ko 1) ke iya ɗauka, irin wanda ke cikin wayar da ƙanina ke riƙe da ita.

Ni a ganina laifin namu ne, mu masu koyar da lissafi. Muna sa yara haddar jadawali kamar karatun aku, yaro ya ci jarrabawa bai taɓa ganin abin da ninki ke yi da idonsa ba. In ba haka ba, ta yaya mai takardar sakandare zai yarda akwai wanda zai riƙa ninka masa kuɗi duk mako? Naira ɗaya kawai, cikin mako 64, shekara ɗaya da 'yan watanni, ta wuce duk kuɗin da ke duniya nesa ba kusa ba. A irin wannan dandali, kuɗin waɗanda suka shigo daga baya ake biyan na farko da shi, ranar da sababbin shiga suka ƙare a rufe shafi.

Ƙanina ya daɗe yana kallon kwalin. Can ya ce, "To Yaya, idan mako biyu kawai zan yi in cire fa?" Kawu ya miƙo tiya ya ce a mayar masa da shinkafarsa tun kaji ba su gani ba.