Ku Daina Yi Wa Wanda Ya Bar Ƙwaya Gori

Assalamu alaikum, 'yan'uwana matasa, maza da mata.

A makon jiya na halarci walimar suna a gidan wasu abokan arziki a cikin birnin Kano. Ana tsaka da cin abinci sai wani daga cikin baƙi ya laluba aljihu ya ce bai ga wayarsa ba, kuma kafin ya rufe baki idanun mutanen gidan gaba ɗaya sun koma kan wani saurayi ɗan gidan, wanda tun da asuba yake ta ɗawainiya da kujeru da tabarmi, wanda kuma kowa ya san bai daɗe da dawowa daga asibiti ba, inda ya yi jinyar rabuwa da tramol da ruwan kodin. Yayansa uwa ɗaya uba ɗaya ne ya tsayar da shi a gaban jama'a ya sa shi ya zazzage aljihunsa. Can sai ga wani yaro da wayar a hannu, ashe mai ita ne ya manta da ita a jikin caji a zaure. Na kasa kunne in ji wanda zai ce wa saurayin nan ya yi haƙuri, amma abin da na ji shi ne wata daga cikin iyayensa mata tana cewa ai ba laifin kowa ba ne, mai hali ba ya fasa halinsa. Aka yi dariya, aka koma kan shinkafa.

Wannan ɗabi'a ta gori ita ce ta hana ni sukuni, kuma da mu matasa nake, domin yawancin masu yin ta sa'o'inmu ne, wato yayye da ƙanne da 'ya'yan kawu da abokan majalisa. Mutum ya yi fama da shaye-shaye, Allah ya taimake shi ya daina, ya dawo gida yana neman inda zai dafa, sai ya tarar mun riga mun raɗa masa suna. Mahaifinsa ya yanka rago ya sa masa suna na gari, mu kuma mun soke shi mun maye gurbinsa da "ɗan ƙwaya", har ƙananan yaran da ba su iya tsarki ba sun haddace. Idan ya makara bai tashi da wuri ba, a ce an koma ruwa. Idan ƙurar hunturu ta sa idonsa ya yi ja, a riƙa zunɗe ana taɓa juna. Ya yi dariya a ce ya yi caji, ya yi shiru a ce abin ne yake aiki. Ya shiga sahun gaba a masallaci a ce ustazancin 'yan kwanaki ne, za a ga ƙarshensa. Idan kuwa saɓani ya haɗa shi da ƙaninsa a kan abin da gaskiya take wajensa ƙarara, da kalma uku ake kashe masa baki: "Ka sha ne?" Shi ke nan, ya rasa hujja, ya rasa girman da yake da shi a kan na ƙasa da shi, kuma babu babban da zai tsawata. To, ku gaya mini, ina ake so ya sa kansa?

Na san za a ce mini mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ban musa ba. Akwai gidajen da aka sayar musu da keken ɗinki da tukunyar gas da 'yan kunnen uwa saboda ƙwaya, akwai iyayen da suka kwana a ofishin 'yan sanda suna roƙo, kuma wanda aka yi wa haka yana da haƙƙin ya yi kaffa-kaffa da kayansa. Sai dai taka-tsantsan daban, tozarci daban. Ka adana kuɗinka inda ya dace ba tare da ka yi shela ba, wannan hankali ne. Amma ka jira sai ya shigo ɗaki sannan ka miƙe ka kulle durowa kana karkaɗa mukulli a gabansa, ko ki ɗauke jakarki daga kusa da shi kina harararsa a gaban baƙi, wannan cin mutunci ne da gangan, kuma mai yi ya san abin da yake yi.

Da masu gorin sun san irin wuyar da ake sha kafin a daina, da wataƙila sun ji kunya. Wanda jikinsa ya saba da tramol ko kodin, ranar da ya tsaya ciwon gaɓoɓi ne da gumi da zawo da amai da yoyon hanci, ga rashin barci dare bayan dare, ga wani ƙunci a zuciya da ba ya misaltuwa, alhali ya san cewa da 'yan kuɗi kaɗan a bayan layinsu duk wannan azaba za ta lafa cikin ɗan lokaci. Wanda ya saba da ƙwayoyin sa barci irin su diazepam kuwa, yanke su farat ɗaya yana iya jawo masa jijjiga irin ta farfaɗiya, shi ya sa likitoci suke rage su sannu a hankali. Bayan jiki ya huta kuma sha'awar ba ta mutuwa nan take, takan yi watanni tana taso masa, musamman idan ransa ya ɓaci. Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka, NIDA, ta ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani sukan sake komawa, kwatankwacin yadda ciwon hawan jini da asma suke tasowa bayan sun lafa. Ɓacin rai da kaɗaici suna cikin manyan abubuwan da suke mayar da mutum, mu kuma su muke ɗura masa safe da yamma. Abin tsoron ma shi ne, wanda ya daɗe bai sha ba jikinsa ya daina jure adadin da ya saba sha a da, saboda haka idan baƙin ciki ya kora shi ya je ya afa irin na da, yana iya zama ajalinsa. Sannan mu taru a wajen zaman makoki muna cewa ai mun yi iya ƙoƙarinmu.

Kada kuma wani ya ɗauka wannan masifa ta wasu gidaje ce can. Binciken da hukumar UNODC ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 14.3 a Najeriya, wato kashi 14.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a cikin shekarar da aka yi binciken, kuma a jihar Kano kaɗai an ƙiyasta sun haura miliyan ɗaya. Wace zuri'a ce za ta bugi ƙirji ta ce babu nata a ciki? Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Wani mai yi wa ƙaninsa gori bai san abin da matarsa take zubawa a kwalbar lemo ba idan ya fita kasuwa. Wani kuma shi kansa ba ya iya wuni a kan babur ko a wajen aikin gini sai ya afa tramol da shayin safe, amma da yake shi asirinsa bai tonu ba, shi ne mai baki a gida. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa ake yi, ba tafi ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda zafin bakin namu yake da zaɓe. Mai kemis ɗin da yake sayar wa yara ƙwaya ba tare da takardar likita ba, muna gaishe shi da "Alhaji, barka da kasuwa". Tun a watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan binciken da BBC ta yi, amma kowa a unguwa ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa da daddare. Ɗan siyasar da yake tara samari lokacin zaɓe ya ba su kuɗin caji su bi motarsa da makamai, mu ne muke liƙa hotonsa a jikin shagunanmu. Babu wanda ya taɓa zazzage wa waɗannan aljihu. Sai yaron da ya tuba ya dawo, shi ne muka ga damar takawa, domin ba shi da kuɗi kuma ba shi da mai tare masa faɗa. Ga kuma sabon salon rashin kunya, a ga ɗan mutane ya bugu ya faɗi a bakin kwata, maimakon a rufa masa asiri a kai shi gida sai kowa ya zaro waya, kafin magariba bidiyon ya zagaye TikTok, kuma ko bayan shekaru ya shiryu, ranar da ya je neman aure za a tono shi a tura wa iyayen yarinya.

Mu da muke tinƙaho da addini, ina muka baro karantarwarsa a wannan babi? Bukhari ya ruwaito labarin wani sahabi mai suna Abdullahi, wanda yakan sa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, dariya, wanda kuma aka sha kawowa ana yi masa bulala saboda shan giya. Da wani ya la'ance shi saboda yawan kawo shi da ake yi, Annabi ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. A wata ruwayar ta Abu Huraira, da wani ya ce wa wanda aka yi wa haddi Allah ya kunyata shi, Annabi ya ce kada su faɗi haka, kada su taimaki Shaiɗan a kansa. Ku lura, wannan mutum ne da aka kama shi da laifin a lokacin, ina ga wanda ya daina ya nemi magani da ƙafarsa? Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana jifan juna da miyagun laƙubba. Ita kanta giyar ba a rana ɗaya aka haramta ta ba, a hankali aka bi da mutane daga Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida, kuma Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ce da a ce farkon abin da ya sauka shi ne kada ku sha giya, da sun ce ba za su taɓa barin ta ba. Mu kuwa muna so ɗan'uwanmu ya fito daga asibiti ranar Litinin ya zama waliyyi ranar Talata, in ya yi tuntuɓe sau ɗaya mu ce dama mun faɗa.

Wannan gori ɗin ne kuma yake sa iyalai ɓoye ciwon har ya ci ƙarfinsu. Don gudun bakin dangi, uba zai ƙi kai ɗansa asibitin Dawanau ko na Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato, wai kada a ce ɗansa ya haukace, sai ya lallaɓa da shi cikin dare ya miƙa shi gidan mari. Ba mu manta da watan Satumban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, kuma ba a jima ba aka sake ganin irin haka a Daura da Zariya. Iyaye ne da 'yan'uwa suka kai akasarinsu da hannunsu. Haka nan idan aka zo tara kuɗin magani kowa sai ya noƙe ya ce kasuwa ba ta tafiya, amma a sa ranar biki ka ga an fitar da anko kala uku da kuɗin hol da na mai hoto ba tare da an yi wa kowa magiya ba.

Idan mace ce ta faɗa wannan hali, abin ya fi muni nesa ba kusa ba, alhali wancan binciken na UNODC ya nuna cewa cikin kowane mutum huɗu masu ta'ammali da ƙwaya ɗaya mace ce. Namiji ko an yi masa gori yana iya fita ya sha iska, ita kuwa tana cikin gida tare da masu yi mata habaici daga wanke-wanke har kwanciya barci. Ƙawayenta na jiya su ne masu kai labarinta gidan duk wanda ya fito neman aurenta, kuma idan aka yi auren, ranar da ta yi saɓani da dangin miji za a tuna mata da kwalba. Ina maganar da ake yi cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne?

Ban ce ku zama likitoci ba, kuma ban ce ku riƙa ba shi kuɗi duk lokacin da ya miƙo hannu ba. Ku dai ja shi a jiki, ku kira shi da sunansa, ku ci abinci kwano ɗaya da shi, ku raka shi ranar komawa ganin likita, ku sama masa abin yi, in kun ga alamar da ta ba ku tsoro ku yi masa magana a keɓe. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. In kuwa duk wannan ya gagare ku, to ku kama bakinku, domin magana zarar bunu ce.

Mun taso mun tarar da gidaje masu zaure da dattijo a zaune a cikinsa. Idan yaro ya kangare, kawunsa ne yake zuwa ya ɗauke shi ya tafi da shi gona ko rumfarsa ta kasuwa, ya damƙa masa awo da ciniki, ya zaunar da shi kusa da shi har ya nutsu, kuma in wani ya kuskura ya tayar da tsohon zance a gabansa, da kallo ɗaya dattijon zai sa shi ya haɗiye sauran. Ana cewa ɗa na kowa ne, kuma ana nufin hakan har ga wanda ya ɓata. Asirin gida a zaure yake tsayawa, maƙwabci ma da ya ji yakan yi kamar bai ji ba. Yanzu an rushe zaurukan an yi shaguna, kawu ya ce kowa ya ji da nasa, zumunci ya koma gaisuwar Juma'a a zauren WhatsApp na dangi, kuma a wannan zauren ne ake fara sanar da kowa cewa wane ya dawo daga asibiti, kowa ya kula da wayarsa.