Ka ari jarumin wani, kuma ka sa masa farashi?

A 2009 wata kotu a New York ta dakatar da sayar da littafin wani ɗan ƙasar Suwidin, Fredrik Colting. Ya ɗauko yaron da marubucin Amurka J.D. Salinger ya ƙirƙira a littafinsa na 1951, The Catcher in the Rye, ya mai da shi dattijo mai shekara 76, ya ci gaba da labarinsa ba tare da izini ba. Bayan ɗaukaka ƙara aka sasanta a 2011, bisa sharaɗin ba za a sayar da littafin a Amurka da Kanada ba sai wa'adin haƙƙin mallakar na asali ya cika.

Ita kuwa Alice Randall ta sha da kyau a 2001. Ta sake ba da labarin littafin Gone with the Wind ta bakin wata baiwa, magadan marubuciyarsa Margaret Mitchell suka kai ƙara, amma kotun ɗaukaka ƙara ta ɗage hanin. Hujjar alƙalan ita ce Randall ta soki yadda littafin farko ya ƙawata zamanin bauta. Duk su biyun aro suka yi, amma ɗaya ta ari jaruman don ta yi musu raddi, ɗayan kuwa kotu ta ga ɗorawa kawai ya yi a kan ginin wani.

To miliyoyin labaran da masu sha'awa ke rubutawa a kan jaruman wasu, suna zubawa a shafuka irin su Archive of Our Own fa? Yawancinsu babu raddin kowa a ciki. Abin da ya sa ake kau da kai shi ne ba sa karɓar ko sisi, shafin ma ya haramta tallar kasuwanci. J.K. Rowling ta daɗe tana ƙyale masu rubutu a kan jarumin littattafanta Harry Potter, amma da aka tashi buga ƙamus ɗin bayanan littattafan da wani masoyinta ya haɗa domin sayarwa, ita da kamfanin Warner Bros suka garzaya kotu, suka yi nasara a 2008. Haka masoyan shirin talabijin na Star Trek da suka tara sama da dala miliyan 1 don shirya fim ɗinsu, a ƙarshen 2015 sammaci ya iske su.

Wannan ne ya sa nake ganin marubutanmu na intanet sun fi takwarorinsu na Turai zama cikin haɗari. A wajenmu kyauta ta shafukan farko ce kawai. Da labari ya ɗau zafi sai a rubuta cewa littafin na kuɗi ne, ga lambar asusu, a turo shaidar biya, sannan a saka mutum a rukunin WhatsApp. Duk wadda ta ɗauko jaruman wani shirin talabijin mai dogon zango, ko na littafin wata marubuciya, ta bi da su ta wannan hanya, ta riga ta ajiye garkuwar da ke kare waɗancan.

Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta bar wa mai aiki ikon sarrafa aikinsa zuwa wani sabon abu, tsawon rayuwarsa da shekara 70 bayan rasuwarsa. Ta yi sassauci ga zambo da barkwanci da sharhi, amma cikin abubuwan da ake dubawa har da ko don kasuwanci aka yi, da ko an rage wa mai abu ciniki. Abin dariyar shi ne mun san wannan haƙƙi sarai idan namu ne. Dubi saman shafin farko na littattafan nan: "Ban yarda a juya min labari ba, ban yafe wa wanda ya karanta shi a YouTube ba da izinina ba."

Za a ce aro ba yau ya fara ba, ai Abubakar Imam ma ya ɗebo daga Alfu Laila da tatsuniyoyin wasu ƙasashe a Magana Jari Ce. Gaskiya ne, sai dai rijiyar da ya ɗiba ta kowa ce. Gizo da Ƙoƙi ba su da magajin da zai kai ka kotu. Shi kansa Imam a 1981 ya rasu, kowa ya lissafa shekara 70 daga nan kafin ya sa wa akunsa farashi.

Ba na goyon bayan a tsangwami ɗaliba da ta rubuta wa ƙawayenta ci gaban shirin da take so, kyauta. Talla take yi wa mai shirin, kuma da yawan marubuta ta haka hannunsu ya faɗa. Amma mai son sayarwa hanya biyu gare ta. Ko ta yi abin da E.L. James ta yi, wadda labarinta ya faro a kan jaruman littattafan Twilight na wata marubuciya, ta cire sunayensu da duk abin da ke nuna su kafin ta buga Fifty Shades of Grey a 2011. Ko ta nemi mai jaruman su yi yarjejeniya a rubuce, da sa hannu da kason kowa, ba saƙon murya na "ba komai 'yar'uwa" da za a iya gogewa ranar da kuɗi suka fara shigowa ba.