Ranar da na mayar da ofishinmu baya da minti 23

Sabobi 40 ne a hannuna a wurin aiki, wato kwamfutocin da ke yi wa sauran na ofis hidima, kuma kowacce da nata agogon, kamar 'yan gidan haya. Wannan ta yi gaba da daƙiƙa goma, waccan ta makara da minti guda. In matsala ta taso na buɗe rajista, sai in tarar amsa ta riga tambaya isowa. Da abin ya ishe ni, na ce ran Juma'a zan yi maganinsa da Ansible: in rubuta umarni sau ɗaya, shi ya bi su duka ya saka musu chrony, manhajar daidaita agogo, ya nuna musu inda za su riƙa tambayar lokaci.

Tsarin ba wuya. Katangar tsaronmu ta toshe wa sabobin ƙofa ta 123, wadda NTP, tsarin da kwamfutoci ke tambayar lokaci da shi, ke bi, saba ɗaya tak aka bar wa hanya ta fita ta ɗebo lokaci daga pool.ntp.org, sauran su tambaye ta. Adireshinta da 41 ya ƙare. Ni kuwa, ga yunwa, ga ƙanshin tsire yana shigowa ta taga, na rubuta 14.

Mai lamba 14 ita ce wadda muke kira Tsohuwa. Tana can ƙarƙashin tebur, ƙura ta yi mata mayafi, ɗan batirin agogonta mai kama da kwabo ya mutu tun kafin a ɗauke ni aiki. Wanda na gada ya saita ta yadda duk wanda ya tambaye ta lokaci za ta amsa da gadara, ko da ita kanta ba ta san Azahar daga La'asar ba. Ta makara da minti 23. Chrony a ɗabi'arsa a hankali yake jan agogo har ya daidaita, amma ni sarkin ƙwazo na ba shi izinin yin tsalle nan take, a kowane lokaci.

Na danna. Allo ya cika da rubutu, ba ja ko ɗaya. Arba'in sun karɓa, babu wadda ta ƙi. Har hoton allon na ɗauka, na tafi cin tsirena.

Litinin da safe ina shiga, Baba mai gadi ya tare ni da fara'a. "Injiniya, Allah ya yi maka albarka. Yau na'urar dangwala yatsa ta ce kowa ya zo da wuri." Wani da ya shigo takwas da ashirin an rubuta masa takwas saura uku, yana ta yi mini jinjina.

Murnar ba ta je ko'ina ba. Kwamfutocin ma'aikata daga intanet suke ɗaukar lokacinsu, na gaskiya, shi kuma Kerberos, mai tantance masu shiga, ba ya yafe saɓanin da ya wuce minti 5. Ya kori kowa. Oga ya leƙo, ya ce, "Injiniya, me ka taɓa?"

"Ranka ya daɗe, agogo kawai."

"Agogo kawai," ya maimaita, ya tsaya a kaina bai tafi ba.

Na zo shiga in gyara, aka nemi lambobi shidan nan na waya masu sauyawa duk daƙiƙa 30. Na saka, aka ƙi. Na sake, aka ƙi. Su ma da agogo ake lissafa su, wayata tana kan daidai, sabar tana bin Tsohuwa. Mai gida a waje, makulli a ciki. Gumi ya fara bin bayana duk da sanyin iyakwandishan.

Can dabara ta faɗo mini. Na kashe saitin lokaci na wayar, na mayar da ita baya da minti 23 da hannuna, wato ni ma na yi wa Tsohuwa mubaya'a. Lamba ta shiga. Na juya 14 ta koma 41, na sake sakin Ansible, kafin minti biyu kowa ya dawo hayyacinsa. Masu makara suka daina gaishe ni.

Da rana na duba waya, na ga da sauran lokaci, na yi alwala a tsanake har da gyaran hula. Ina sa ƙafa a masallaci liman yana sallama. Baba mai gadi ya waiwayo daga sahun ƙarshe, ya dube ni, ya dubi agogon hannunsa.

"Injiniya, kai ma ba a gyara ka ba?"