Hakeem Olajuwon da rayuwar da ke bayan filin ƙwallon kwando

Duk lokacin da aka ambaci Hakeem Olajuwon, abin da ake fara kawowa shi ne kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, guda biyu da ya ci wa ƙungiyar Houston Rockets a 1994 da 1995, da kuma ƙwallo 3,830 da ya tare kafin su faɗa kwando, adadin da har yau babu wanda ya kamo. A ganina, abin da ya fi cancanta a tsaya a kai shi ne yadda ya riƙe kansa da gidansa, domin 'yan wasa da dama sun yi suna sun tara dukiya, amma suka ƙare hannu rabbana.

An haife shi a Legas a 1963, a gidan 'yan kasuwar siminti. Tsaron gida yake yi a ƙwallon ƙafa, kuma sai da ya kai wajen shekara 15 kafin ya fara ƙwallon kwando. Ya tafi Jami'ar Houston a 1980, a 1984 kuma shi aka fara zaɓa cikin sababbin 'yan wasan da za su shiga NBA, shekarar da Michael Jordan ya zo na uku.

Shekarunsa na farko cike suke da zafin rai da sa-in-sa da alƙalan wasa, kuma wannan ne ya sa sauyin da ya biyo baya yake da nauyi. Da ya koma ga addininsa da gaske, ya gyara rubutun sunansa daga Akeem zuwa Hakeem a 1991, ya riƙa shiga fili da azumi a bakinsa, har aka zaɓe shi gwarzon watan Fabrairun 1995 alhali watan ya zo cikin Ramadan. A daidai wannan lokaci ya amince kamfanin Spalding ya fitar da takalmi da sunansa a kan kusan dala 35, saboda yana ganin uwa mai ƙaramin ƙarfi ba za ta iya saya wa 'ya'yanta na dala ɗari da ɗoriya ba. Ɗan wasan da ke kan ganiyarsa ba kasafai yake yin irin wannan lissafi ba.

Bayan ya yi ritaya a 2002, ya kwashi iyalinsa zuwa ƙasar Jodan domin neman ilimin addini, yayin da yake harkar filaye da gidaje a Houston da kuɗi hannu, ba tare da bashin banki mai riba ba. 'Yarsa Abisola ta yi wasa a Jami'ar Oklahoma, ƙungiyar Chicago Sky ta ɗauke ta a gasar mata ta WNBA a 2010, daga baya kuma ta koma horar da 'yan wasa. Iyayen da ke hana yaro zuwa fili don gudun lalacewar tarbiyya suna da hujjarsu, amma ya kamata su dubi wannan gida kafin su yanke hukunci.

Akwai masu ƙorafin cewa rigar Amurka ya sa lokacin da ya ci zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, bayan ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar a 1993. Ƙorafin yana taɓa ni, sai dai laifin ya fi rataya a wuyan masu tafiyar da wasanni a Najeriya, waɗanda ba su tanadi gasa ko makarantar da za ta iya riƙe yaro mai irin tsayinsa da baiwarsa a gida ba.