Tsohon inji da dattawan da ke tayar da shi

Jama'a in Allah ya sa ka shiga gidan tarihin masana'antu, irin inda ake ajiye tsofaffin injinan tururi da na saƙa da kayan haƙar kwal, don Allah kar ka ɗau hoto kawai ka fice. Nemi dattijon nan mai baƙin mai a hannu ka jefa masa tambaya ɗaya, wallahi sai ka gaji da tsayuwa bai gama ba. Yawancinsu fa ƴan sa-kai ne, ko sisi ba a biyansu, kuma ni a ganina su ne gidan tarihin.

Duba Crossness, tsohuwar tashar tura ruwan datti a Landan. A 1858 warin kogin Temz ya hana ƴan majalisa sakat, injiniya Joseph Bazalgette ya tsara magudanan ƙazantar birnin, a 1865 aka buɗe wannan tasha da manyan injina huɗu masu ɗaga ruwan datti. A shekarun 1950 aka daina aiki da su aka bar su tsatsa na ci, masu ɓarna suka kwashe abin da hannu zai iya ɗauka. Waye ya tada su? ba gwamnati ba ce ta turo ma'aikata, mutane ne suka haɗa ƙungiya a shekarun 1980 suka dinga zuwa suna kankare tsatsa suna kwance ƙusa ɗaya bayan ɗaya, har a 2003 ɗaya daga ciki mai suna Prince Consort ya sake juyawa da tururi, injin da babbar ƙafarsa mai juyawa kaɗai tan 52 ce. Haka layin dogon Talyllyn a Wels, tun 1951 ƴan sa-kai suka karɓe shi suke tafiyar da shi, su ne na farko a duniya.

To abin da ke damuna shi ne shekarunsu. Kusan duk ƴan fensho ne, kuma sanin da ke kansu ba ya cikin allon bayanin da ke jikin bango. Injin tururi ba a tada shi da gaggawa, sai an ɗumama shi a hankali an buɗe ruwan da ya taru a silinda ya fita, don ruwa ba ya matsuwa kamar tururi, in fistin ya buge shi yana iya fasa murfin gaba ɗaya. Dattijon nan da kunne yake gane lokaci ya yi, da tafin hannu yake jin wajen da ya fara zafi yana neman mai. Wannan a tsaye ake koyonsa gefen mai shi, shekara da shekaru.

A Big Pit ma da ke Wels, mahaƙar kwal da aka rufe a 1980 ta zama gidan tarihi a 1983, tsofaffin mahaƙa ne suka shahara da sauka da baƙi mita 90 ƙarƙashin ƙasa. Amma mahaƙar kwal mai zurfi ta ƙarshe a Birtaniya, Kellingley, tun 2015 ta rufe, kenan da wuya a samu inda sabbin tsofaffin mahaƙa za su fito kuma.

Shi ya sa ni ban yarda da wannan yabon na baki ba, a ba mutum satifiket a tafa masa shikenan. In gidan tarihi ya samu kuɗin sabon fenti da shagon tsaraba, to ya ware na albashin matashi ko biyu da za su liƙe wa dattawan nan kullum suna riƙe musu sifana, a kuma dinga naɗar bidiyon duk lokacin da za su tada inji tun daga hura wuta har kashewa, tare da bayanin da suke yi da bakinsu.