Kafin wani ginin ya sake ruftawa a birnin Zazzau

Tun da wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya ya rufta kan masallata a watan Agustan 2023, ake ta maganar gyara kayan tarihin birnin. Masallacin nan aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne, ya gina shi a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarim. Abin da ya kai shekaru kusan 190 a tsaye ba gini ne na banza ba. Kulawa yake so, kuma a nan muka gaza.

Babban abokin gaban ginin ƙasa ruwa ne. Idan indararo ya toshe ko ya karye, ruwa ya kwanta a kan soro, sai ya bi ƙaramar tsaga ya jiƙa bakin azarar da ke cikin bango. Azarar giginya gara ba ta cika damunta ba, amma laima tana ruɓar da ita a hankali, daga ciki, inda ido bai gani. Ranar da aka ga tsaga a jikin bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufin, ɓarnar ta daɗe da yin nisa.

Sai kuma siminti, wanda mutane suka ɗauka gata ne. Bangon tubali yana shan laima da damina, ya fitar da ita da rani. In aka shafe shi da siminti, laimar ta rasa mafita, ƙasar ta narke a ciki, wata rana filastar ta ɓanɓaro da rabin bangon. Magina na da makuba suke shafawa, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, soro kuma a yi masa laso, wato shafen hana ruwa shiga, na katsin marina da gashin jima da tsiron dafara. Sai dai yaɓen makuba sai ana sabunta shi, ba a yi sau ɗaya a juya baya.

Shi ya sa kwangilar miliyoyi bayan an yi asara ba ta burge ni. Masarauta da ƙaramar hukuma su ware kuɗi kaɗan amma na kowace shekara, a damƙa wa Sarkin Magina da yaransa: a duba soraye, a share indararo, a cike tsagogi cikin watan Maris da Afrilu, kafin ruwan fari. Sashen zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru, ɗalibansa za su iya auna kowane tsohon zaure su ajiye zanensa.

Ganuwa kuwa, abin da ya rage nata tsakanin ƙofofi irin su Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana a fara shata iyakarsa da turaku, a hana ɗibar ƙasa da yanka filaye a gindinsa.